Sumar Baba Wada

Duk namijin da aka haifa a unguwarmu da ke garin Gadarif a wancan zamani, askar Baba Wada ce ta fara taɓa kansa. Shi ke askin suna, shi ke kaciya, shi ke yi wa tsofaffi ƙaho idan baya ya riƙe. Kakansa ya taso daga ƙasar Hausa da zabira a rataye, da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare masa a nan, ya zauna yana aski har ya rasu bai ga teku ba. Wada ya gaji zabirar, ya gaji gindin dalbejiyar da ke bakin kasuwar hatsi. Idan an gama yankan dawa a gonakin Gadambaliya, leburori kan zo su jeru a tabarmarsa da kai kamar tsohuwar tsintsiya, su tashi ƙwal suna shafawa.

Aikinsa hanya ɗaya gare shi: ya jiƙa kai sharkaf, ya murza, ya ɗora aska. A wajensa gashi dauɗa ne, namiji mai barin suma kuwa ko dai ba shi da lafiya ko kansa ya taɓu. Nasa kan, duk Juma'a wani abokin sana'arsa ke kankare masa. Matarsa Larai ta sha cewa ita kanta ba ta san kalar gashin mijinta ba.

Ɗansu Maliki shi ne na fari, shi ne kuma namiji tilo. Kunyar ɗan fari irin ta Wada ban taɓa ganin kamarta ba. Bai taɓa kiran sunan yaron ba, "wancan" yake cewa. In yana da magana da shi, Larai yake faɗa wa ta isar, ko da su uku suna zaune a tsakar gida ɗaya.

Maliki ya yi 'yan shekaru a Khartoum, ya dawo cikin shekarun saba'in da tarin sumar nan da samari ke kira hunfus. Ya buɗe salun a cikin kasuwa, da kujera mai juyawa da babban madubi da almakashi. Wada bai taɓa sa ƙafa ciki ba.

"Mutum ya shiga da gashi, ya fito da gashi," in ji shi. "To me aka yi masa?"

Ni Adamu, a lokacin tarakta nake tuƙawa, kuma ba abin da nake ji da shi kamar sumata. Na gado ta wajen kakata Balarabiya, murɗaɗɗiya ce mai laushi. Maliki kaɗai ya san kanta. A bushe yake saisaye ta, murɗi bayan murɗi, domin in ta jiƙe miƙewa take ta yi tsawo, in ta bushe ta ƙanƙance ta koma.

Ana gobe ɗaurin aurena da Asiya na je salun ɗin da hantsi, don an ce mai hoto zai zo. Sai na tarar da Baba Wada a bakin ƙofa, mabuɗi a hannu. Ashe an yi wa abokin Maliki rasuwa a garin Fau, Maliki ya tafi gaisuwa, ya bar wa uwarsa saƙo a ce Baba ya riƙa leƙa shagon. Na gaishe shi na juya.

"Zo nan, ya zol," ya ce, yadda Larabawan garin ke kiran mutum. "Ango ba ya komawa haka. Kai ai duk kai ne. Abin da wancan ke yi, ni ma na iya."

Ta yaya zan ce a'a ga mutumin da ya yi mini askin suna, ya yi mini kaciya? Na zauna. Abu na farko, ya juya kujerar na ba madubi baya, wai ba a kallon wanzami yana aiki. Abu na biyu, na ji ruwa ya sauko mini har wuya.

"Baba, ba a jiƙa ta."

"Yi shiru. Tun ba a haifi ubanka ba nake jiƙa kai."

Ya ja gashin ya miƙe, ya daidaita shi tsaf, ya yanke. A jiƙe komai daidai yake, har ya yi murmushi. Zafin Gadarif kuwa ba ya jira. Kafin ya gama goge almakashin sumar ta fara bushewa, nan ta lotsa, can ta tashi. Ya sake jiƙawa, ya sake yankewa. A karo na uku na ji ya yi salati a hankali, na kuma ji ƙarar buɗe zabira.

"Halas, shi ke nan," ya ce. "Sunkuya."

Haka aka ɗaura mini aure da kai ƙwal. Hoton yana nan, na danna hula har kunne. Asiya ta yi dariyarta ta ƙoshi, ni ma daga baya na huce. Wanda bai huce ba Maliki ne. Labari ya zaga kasuwa, samari suka riƙa cewa salun ɗinsa ake shiga da hunfus a fito kamar an yi suna. Wasu suka ɗauke ƙafa. Amma ba wannan ya fi ci masa rai ba. Ya jira ubansa ya ce masa wani abu, ko da ta bakin Larai ne, bai ji komai ba. Sai ya gaya wa uwarsa cewa da an gama kaka zai rufe shago ya koma Khartoum, kuma ba dawowa.

Larai ta isar da saƙon tana kuka. Wada ya ce to. Abin ya dame shi ƙwarai, kowa ya gani, ya rage ci, ya rage surutu. Amma mutumin da bai iya kiran sunan ɗansa, da wane baki zai ba shi haƙuri? Abin da aka lura kawai shi ne ya daina zuwa askin Juma'a, ya koma naɗa rawani ko a cikin gida. Tsofaffin kasuwa suka fara tambaya ko ƙuraje ne suka fito masa.

Damina ta wuce, aka yanke riɗi, aka shiga dawa. Ranar da Maliki ya fara ɗaure kayansa ina shagon, na je ya duba abin da ya tsiro mini. Ya riga ya sauke hotunan bango, madubi da kujera kaɗai suka rage. Sai ga Baba Wada. Ya yi sallama. Na tashi, ya zauna a kujerar, ya juya ta da kansa ta fuskanci madubi, ya warware rawanin.

Suma ce cunkus, fara fat, a murɗe. Shi kansa ya daɗe yana kallonta kamar ta wani.

"Adamu," ya ce, "gaya wa wancan ya gyara mini. Yadda yake yi. Kuma kada ya jiƙa."

Ban isar da saƙon ba, don Maliki ya riga ya kwance ƙullin da almakashin ke ciki. Ya daɗe a kan aikin nan fiye da kowane kai da na taɓa gani ya yi, uban kuma bai ɗauke ido daga madubin ba. Ba kansa yake kallo ba, hannun yaron yake bi.

Maliki bai tafi ba. Wada ya ci gaba da aske mutane ƙwal a gindin dalbejiya har ƙarfinsa ya ƙare, duk wata kuma yakan zo salun ya zauna. Sunan dai har ya rasu bai kira ba. Ranar da za a yi masa wanka, limamin da ya cire masa hula ya ga farar sumar nan a gyare, ya tambaya ko a aske. Maliki ya ce a bar ta, shekaranjiya ya gyara masa.