Rajistar Manoman Nahuce

A shekarun da na yi ina sakataren wata ƙaramar ƙungiyar manoma a Gusau, aikina bai wuce rubuta sunaye ba. Idan damina ta kusa, sai in hau mota zuwa Tsafe ko Bungudu, in zauna a gindin bishiya ko zauren mai gari, manoma su yi layi. In rubuta sunan mutum da lambar wayarsa, faɗin gonarsa, yawan shanu da tumakinsa, iyalinsa nawa, sannan in ɗauki hoton katin shaidarsa. Da wannan rajista muke nema musu irin shuka da taki.

Wata shekara ruwa ya zubo ta rufin ofis ya kashe kwamfutarmu, aikin wata biyu ya tafi. Sai aka ba ni shawarar in riƙa ajiye komai a ma'ajiyar intanet, inda ko kwamfuta ta lalace takardu na nan. Na ji daɗin abin ƙwarai. Ina zaune a gidana a unguwar Damba sai in buɗe waya in ga komai.

Muna da wakili a Tsafe, mutumin kirki, mai shagon magungunan gona a bakin titi. Wata rana ya kira ni yana son duba sunayen mutanensa. Na tura masa linki, wato adireshin da in an latsa rajistar za ta buɗe. Ya ce ya ƙi buɗewa, wai ana tambayarsa izini. Ina tasha a lokacin, mota na shirin tashi, sai na canza saitin zuwa duk wanda ke da linkin ya iya gani. Ban raba rajistar Tsafe da ta Bungudu ba, duk a wuri ɗaya suke. Shi kuma ya tura a zauren hirar wakilai na waya don kowa ya duba nasa. Daga can ban san inda ya bi ba.

Bayan kaka, wani dattijo daga Nahuce ta yankin Bungudu ya zo ofis tare da babban ɗansa, malamin makarantar sakandare. Na tuna fuskar dattijon, domin ranar rajista ya sa an kawo min fura. Na shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama.

"Malam, mi na yi maka?" ya tambaye ni.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ɗan ne ya yi bayani. Wasu da ba a san ko su wane ne ba sun kira mahaifinsa sau uku. Sun faɗa masa yawan shanunsa daidai, da inda gonarsa take, da adadin mutanen gidansa. Wanda ya san halin da yankinmu ke ciki ya san ma'anar irin wannan kira. Dattijon ya kwashe iyalinsa zuwa gidan ƙanensa a Gusau, ya bar dawa a rumbu. Ɗan ya buɗe wayarsa ya nuna min rajistarmu, wani abokinsa ne ya turo masa daga wani zauren waya da ni ban ma san da shi ba. Ga rubutuna, har da kuskuren da na yi a sunan unguwarsu.

"Kai kaɗai na gaya ma wanga lissafi," in ji dattijon. "Ko ɗiyana ba duka sun sani ba."

Ban iya rantsewa cewa daga wurinmu masu kiran suka samu ba, ban kuma iya rantsewa ba daga nan ba ne. Na rufe linkin a gabansu.

Mako biyu bayan haka takardar lauyan dattijon ta iso. Shugaban ƙungiyarmu, wani Alhaji mai haƙuri, ya ɗauke ni muka je wurin namu lauyan, wata mata mai magana a hankali. Ta tambaye ni ko manoman sun sa hannu cewa sun yarda a ajiye bayanansu a intanet. Na ce a'a. Ko na faɗa musu waɗanda za su gani? A'a. Ta ce a wace ƙasa kwamfutocin da ke riƙe da takardun suke? Ban taɓa tunanin suna wata ƙasa ba. Ta tambayi abin da ya haɗa yawan shanun mutum da rabon irin gero. Na ce haka na tarar da fom ɗin.

"Akwai dokar kare bayanan mutane," ta ce. "Wanda ya karɓa shi ke da alhakin tsarewa. Kamfanin ma'ajiyar zai ce kai ka buɗe da hannunka, kuma gaskiyarsa ce."

Maganar ba ta kai kotu ba. An yi zama uku, dattawan Nahuce suka sa baki, ƙungiya ta rubuta takardar ban haƙuri. Amma lauyarmu ta dage cewa dole a sanar da duk wanda sunansa ke ciki, kuma ni aka ɗora wa aikin.

Wata guda na yi ina yawo. Mota zuwa Tsafe, mashin zuwa ƙauyuka, washegari Bungudu. A kowane zaure in tsaya in maimaita magana ɗaya: abin da kuka faɗa min ya fita hannuna, ku kula da baƙuwar lamba. Wasu suka ce Allah ya tsare, suka tashi. Wasu suka tambaye ni ko takin bana zai zo. Wata tsohuwa ta ce in goge sunanta yanzu tana kallo. Na goge, na nuna mata, ban kuma faɗa mata cewa kwafin da ke wayoyin mutane ba ni da iko da shi ba. Na gaji da bayanin a ranar, shi ya sa. Har yau abin na damuna.

Wakilinmu na Tsafe ya daina ɗaga wayata na wani lokaci, ina jin don kunya ne, ba don fushi ba. Alhaji bai sallame ni ba, ya dai sa aka cire tambayar dabbobi daga fom, aka ƙara takardar amincewa da nake karanta wa kowa da babbar murya kafin ya dangwala yatsa.

Da damina ta zagayo na koma Nahuce. Layin bai kai rabin na bara ba. Na tambayi mai gari labarin dattijon, ya ce ya sayar da shanun, yana Gusau yana taya ƙanensa zama a rumfar hatsi a kasuwa, gonar kuma wani ɗan uwansa ke nomawa. Na san kasuwar, ta hanyata ce zuwa gida. Na sha wucewa ta bakin layin masu hatsi a kan mashin, ban shiga ba tukuna.