Mutanen da Ke Sallah Suna Kallon Yamma

Malama Ummukulsum 'yar unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ta Kano ce gaba da baya. A nan aka yanke mata cibi, a nan ta yi aure, a nan kuma ta shekara ashirin da shida tana koyar da 'yan aji uku a wata firamare da ke bayan titin Gidan Zu. Gajeruwa ce mai ƙaramar murya, amma idan ta ɗaga gira, ko yaron da ya fi kowa ƙiriniya sai ya nemi wurin zama. Labarin ƙasa shi ne darasin da ta fi so, kuma ba abin da ta tsana irin yadda aka koya mata shi: haddar sunayen koguna da birane, kana faɗa kana mantawa.

Shekarar da yayanta ya biya mata kujerar Makka, ta zauna a masallacin Madina kusa da wata mata mai suna Siti, malamar makaranta daga wani ƙauye a tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya. Da guntun Turanci da nuni da hannu suka ƙulla ƙawance. Bayan sun koma gida, wasiƙu suka riƙa zuwa jefi-jefi, wani lokaci da hoto a ciki.

Da waɗannan wasiƙu ta yi watsi da hadda. Ƙauyen Inna Siti, kamar yadda yara suka raɗa masa, ya zama littafinsu. Sun san shinkafa ake nomawa a can a jikin tudu, hawa-hawa kamar matattakala. Sun san ɓauna ke jan garma cikin laka, ana kora agwagi gona kamar yadda ake kora awaki kiwo. Idan za ta koya musu tsibiri, sai ta tambaya ta ina Inna Siti za ta bi in tana son zuwa Kano a ƙafa. Su yi ta gardama har su gano babu hanya, ruwa ya kewaye ta. Idan aka kaɗa ƙararrawar safe takan ce, "Ku yanzu kuka zo, yaran can har sun ci abincin rana." Ni dai ban taɓa ganin wanda ya iya kawo duniya cikin aji mai tsagaggen allo irin matar nan ba.

A shekarar da sojoji suka koma bariki, kowa ya samu baki. Kwamiti ya yi yawa a unguwa, wanda jiya ba ya iya tari a gaban soja yau shi ne mai jawabi. A wannan shekarar ce, wata Laraba, ta gaya wa yara cewa mutanen ƙauyen Inna Siti yamma suke kallo idan za su yi sallah.

Binta, 'yar shekara takwas, ta koma gida da abin a ranta. Da la'asar ta shimfiɗa dardumarta ta ba gabas baya, ta ce yau ita 'yar ƙauyen Inna Siti ce. Ubanta Alhaji Lawan, mai sayar da tayoyi kuma shugaban ƙungiyar iyayen yara, ya shigo ya tarar da ita a haka. Washegari bai bar ta ta je makaranta ba. Kafin Juma'a magana ta kai Tarauni da Darmanawa, wai akwai malamar da ke juya wa yara alƙibla.

Hedimasta, Malam Tanko, ya kira taron iyaye ranar Asabar da yamma, ya kuma faɗa mata gaskiya: in taron bai gamsu ba, za a karɓe ajin daga hannunta. Ta ji tsoro ƙwarai. Ajin ma da sauƙi a kan sunan da zai bi ta har gidan biki da gidan mutuwa, ita da ba ta taɓa wasa da sallah ba.

Aka jera benci a filin makaranta. Alhaji Lawan ya yi magana mai tsawo, ya ambaci zuwansa Makka sau uku, ya maimaita ukun don kada wani ya manta. Ya rufe da cewa, "Tun da muka tashi, gabas muka san Musulmi yana kallo. Malama ta faɗa mana inda ta samo nata."

Ta miƙe, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Alhaji, laifina ɗaya, kuma na karɓa. Ban ja kunnen yaran cewa wanda ke Kano gabas zai kalla ba. Amma don Allah ka ara min ƙafarka minti biyu."

Ta ɗauki kara ta zana ɗan murabba'i a tsakiyar filin. Ta ce a ɗauka nan ne inda ɗakin Ka'aba yake. Ta tsayar da Malam Tanko a yamma da zanen, ta ce shi ne Kano, ya fuskanci ɗakin. Kowa ya ga gabas yake kallo. Sai ta roƙi Alhaji Lawan ya zagaya ɗaya gefen. Ya tafi yana gyara babbar riga, fuska a murtuke.

"Nan ne ƙauyen, Alhaji, can gaba da Makka. Fuskanci ɗakin."

Ya juyo. Ranar la'asar ta doke shi a ido har sai da ya kare da hannu.

"Ina kake kallo, Alhaji?"

Ya daɗe a tsaye yana kallon Malam Tanko, Malam Tanko yana kallonsa. Can ya ce a hankali, "Haka sahu yake a Harami, zagaye. Na gani da idona. Wallahi ban taɓa haɗa shi da wannan maganar ba."

A ƙarshen benci akwai Baba Audu, tsohon ladanin unguwa, wanda ya zo a madadin iyayen jikarsa. Bai taɓa wuce Zariya ba a rayuwarsa. Ya dogara sanda ya matso har bakin zanen.

"'Yar nan, kina nufin akwai mutane a bayan ɗakin Allah, suna sallah suna fuskantarmu?"

"Akwai su, Baba, da yawa. Sun ma fi mu yawa."

Tsohon ya jinjina kai, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Shekara sittin ina kallon 'yan'uwana sau biyar a rana, ba wanda ya taɓa gaya min." Ya juya wajen hedimasta. "Malam Tanko, wannan ce za a karɓe wa aji? To a fara cire jikata."

Babu wanda ya sake tayar da maganar. Ranar Litinin Alhaji Lawan da kansa ya riƙo hannun Binta har ƙofar aji, ya gaishe da Malama da girmamawa, ya ce a yi haƙuri.