Ɗan Tulun Cheng Suyun

A birnin Jingdezhen kowa da hannunsa a tangaran: wani ya murɗa laka, wani ya zana, wani ya tsare wutar tanderu. Ita Cheng Suyun tsufantarwa ce sana'arta. A kawo mata tulun da ya fito wuta shekaranjiya yana ƙyalli, ta goge shi da fatar saniya, ta jiƙa shi a tsohon shayi, ta turbuɗe shi a laka. In ta gama sai ka rantse kakan kakanka ya sha ruwa da shi. Abin da dillali zai gaya wa mai saye kuma, ba ruwanta.

Tsohon kaya na gaske guda ɗaya ta mallaka a duniya: ɗan tulu da bai kai tsawon yatsa ba, fari, da kifi shuɗi a jikinsa da 'yar ɓalla a gindi. Na kakar mijinta Rao Deming ne, shi ya danƙa mata a hannu ranar da ya ce yana sonta, don bakinsa ya kasa faɗin sauran. Deming mai zane ne, ya yi shekaru yana kwaikwayon kifin nan har hannunsa ya haddace shi. Da ya rasu, duk shekara ranar sharar kaburbura sai ta sa tulun a aljihu ta hau tudun maƙabarta, ta zuba masa ruwa, ta soka reshen fure, ta ajiye a gaban dutsen kabarin mijinta su yi hira. Da yamma ta dawo da abinta.

Wata shekara ta tono kwandon ƙananan tuluna da Deming ya zana bai kai ga sayarwa ba, sun haura talatin. Ta ce aikinsa na ƙarshe ne, dole ta yi masa gata. Ta sauko da na gasken ta kafa shi a gabanta, ta bi shi tabo bayan tabo, har ɓallar gindin sai da ta fitar wa kowanne. Ba ta taɓa aiki mai kyan wannan ba.

Ranar da ta shanya su a tsakar gida, na gasken na gefe don ta gwada launi, Guilan ƙanwar mijinta ta leƙo.

"Yaya, ki ɗaura masa jan zare mana. Idon nan naki ya fara cin amanarki."

"Ni? Shekara nawa ina kwana da shi a ɗaki? Je ki ɗaura wa mijinki, shi ne mai ɓata."

Suka yi dariya, Suyun ta fita sayen taliya. Tana can ruwa ya ɓarke. Ɗanta Jianbo, mutum mai 'ya'ya biyu da son taimako, ya kwashe tulunan duka ya zuba a kwando ɗaya ya shigar ɗaki.

Da Suyun ta dawo, ta jera su a tebur. Ta shafa, ta ƙwanƙwasa, ta ɗaga a hasken taga, har lasa ta yi. Ta kira tsofaffin dillalai biyu, kowa ya nuna nasa daban. Jianbo ya ce, "Mama, akwai injin da ke gane shekaru, sai dai za su huda gindin kaɗan."

"Ba mai huda shi," in ji ta. Ba ta yi masa faɗa ba, wannan kuwa ya fi faɗan ciwo.

Tun daga ranar ta ajiye aiki. Abin da ke cin ranta shi ne yana nan a gabanta, tana share masa ƙura kowace safiya, amma ba ta san shi ba, kuma hannunta ne ya yi mata haka.

Yanzu duk shekara guda ɗaya take ɗauka zuwa tudu, in ta dawo ta ware shi gefe. Shekarunta sun wuce saba'in, gwiwa ta fara ƙin hawa. Bana Guilan ce ta riƙe ta har sama. Suyun ta soka furen, ta ajiye tulun a gaban dutsen.

"Tsoho," ta ce, "kai ka san hannunka. In ba shi ba ne ka yi haƙuri. Saura da yawa a gida, kuma ba na jin zan kai ƙarshensu."