Mai Rumbu ya tafi bai faɗi mai tsohuwar siga ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Litinin, tara ga watan Safar, ina zaune a teburina matarka ta bugo waya ta ce rai ya yi halinsa. Kujerarka na gefena, hularka ta sanyi tana rataye a jikinta.

Shekara goma sha ɗaya muna kula da rumbun kwamfuta da ma'aikatu ke ɗaukar manhajoji, har sunan ya bi ka, kowa Mai Rumbu. Harshen da ake rubuta manhajojin da shi siga uku ka ajiye mana, tsohuwa da ta tsakiya da sabuwa, kowacce a wurinta. Kakan ce 'yan uwa ne masu faɗa, sai an raba musu ɗaki a samu lafiya. Ranar da na yi kuskure na ɗora sabuwa a kan ta tsakiya, aikin ma'aikatu shida ya tsaya. Ba ka ɗaga murya ba. Ka jawo kujera muka gyara tare, da shugaba ya tambaya ka ce mu ne muka yi.

Ba ka taɓa cire siga ba sai ka buga wa duk mai dogaro da ita waya, ɗaya bayan ɗaya, ka ji da kunnenka cewa ya ƙaura zuwa wata sigar.

Malam, ga inda ka bar ni. Masu harshen sun daina toshe ɓarakar tsohuwar siga, shugaba ya ce in cire ta ranar Alhamis. Na buɗe fayil ɗin tsohuwar sigar sai na tarar da rubutunka: "Kar a cire, saura mutum ɗaya. A tambaye ni." Ba suna, ba lamba. Na bi littafinka shafi shafi. Ranar da na je gaisuwa na cije na tambayi matarka, ina jin nauyin bakina. Ta ce akwai wata da kan bugo maka daga wani ɗakin gwajin jini, iyakar saninta ke nan.

In na bari, na bar ƙofa a buɗe ga ɓarayin bayanai, hakkin mutane da yawa a wuyana. In na cire, wataƙila wata na'ura ta tsaya da sakamakon marar lafiya a cikinta. Tun muna makarantar allo aka koya mana nauyin amana, yau ga ni da guda biyu, na kasa motsi. Baiwar Allah, in wannan rubutu ya iso gare ki, ki neme ni kafin Alhamis.

Ba na riƙe ka da laifi, Malam. Ka ɗauka akwai gobe, kamar yadda dukanmu muke ɗauka.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ga matarka da 'ya'yanka huɗu da mahaifiyarka, Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Ni kuma ku sa ni a addu'a, Allah ya nuna min wadda zan ɗauka a cikin amanar nan biyu.