Ramin da ke Tsakiyar Kek ɗin Anti

Yayana mai gyaran agogo ne, kuma wallahi ko numfashi sai ya auna yake yi. Shagonsa yana ƙasan benen da muke zaune, ɗan mitsitsi, bango duk agogo, kowanne da lokacin da ya ga dama. Ɗakunansa suna sama, nawa na kallon nasa. Mutumin da ko shayi bai iya haɗa wa kansa ba, wai shi ne da tawul a kafaɗa yana fasa ƙwai a kwano. In ba mutuwa ba, me zai jawo haka?

Matarsa, Anti, Allah ya jiƙanta, takan yi wani kek na cakulan duk ranar da ranta ya yi fari. Ba shi da kyan gani ko kaɗan. Gefe ya gasu, tsakiya kuwa ta lotsa ta zama rami baƙi mai ɗumi da danƙo, sai da cokali ake cinsa. Nakan ce, "Anti, wannan kek ne ko rijiya?" Ita kuma ta ce, "Auta, ai guganki ne ya fi na kowa zurmawa a rijiyar."

Da ta rasu, Yaya ya shiga wani irin shiru. Ran nan muna zaune ya ce, "Auta, muryarta ta fara ɓace mini. In na rufe ido, fuskar ma dishi-dishi nake gani. Ɗanɗanon kek ɗin nan ne kaɗai ya rage mini a harshe, shi ma ina jin yana tafiya." Na tashi na shiga banɗaki na sha kukana.

Washegari ya sayo sikeli. Fulawa a auna, sukari a auna, bota a auna, cakulan ya yanka shi ƙanana kamar zai sa a cikin agogo. Ya ɗauko wani agogo mai ƙararrawa daga shago ya ajiye kusa da oben. Kek ya fito ya taso fam, sumul, ko a shagon masu kuɗi sai haka. Ya kai cokali ɗaya baki, ya ajiye. "Ba shi ba ne."

Haka muka yi ta fama. Ya rage fulawa, ya ƙara ƙwai, ya canza gwangwanin gashi, har maɓallin oben ya kwance ya duba cikinsa. Tela da mai kemis na layinmu kuwa kakarsu ta yanke saƙa, kullum faranti na sauka. Ni ma rigunana suka fara kama ni, na ce, "Yaya, ka tausaya mini, tela kake wa kasuwa."

Amma ina son yammacin nan, ba zan ɓoye ba. Rana takan shigo ta tagar kicin ta kwanta a kan tebur, ƙamshin cakulan ya cika ɗaki, ya sauka matakala ya je ya tarar da agogunan suna ta ƙas-ƙas. Yaya yakan ja kujera gaban gilashin oben ya zauna yana kallon kek na tasowa. Ya ce wani lokaci yakan ga inuwarta a gilashin, tana bayansa tana goge hannu, in ya juya sai labule kawai ke motsi.

Wata rana ya zuba kwaɓi, aka kira shi shago. Ya ce, "Ki zauna a nan. Kada ki taɓa komai sai ƙararrawa ta buga." Na zauna a ɗan bencin da nake zama in muna hira da Anti, ɗumi da ƙamshi suka fara kai ni gyangyaɗi. Can sai na ji ya ja ƙofar shago, makullansa suna kacau-kacau a matakala.

Sai ga ta a idona, ras. Na tuna yadda take katse hira a tsakiya da ta ji makullan nan, ta wawuri tsumma ta buɗe oben. Na taɓa ce mata, "Anti, bai gasu ba fa!" Ta ce, "Ya ƙarasa a tebur. Mutum ya wuni yana yi wa agogon mutane hidima, ya shigo gidansa kuma ya jira kek?"

Ban san lokacin da na ciro kek ɗin daga oben ba.

Yaya ya shigo ya ga gwangwani a tebur. "Auta! Ba na ce miki..." Bai ƙarasa ba. Tsakiyar kek ɗin tana sauka a hankali a gabanmu, tururi na tashi. Ya ɗauki cokali ya zurma, ya kai baki, ya rufe ido. Ya daɗe a haka.

"Me kika saka?"

"Ban saka komai ba, Yaya. Makullanka na ji." Na faɗa masa abin da Anti ta ce.

Ya zauna, hawaye na bin gemunsa. "Shekara da shekaru ina tsokanarta ba ta iya duba agogo ba," ya ce. "Ashe ni take sauraro."

Agogon mai ƙararrawa ya koma shago. Yanzu in ya zuba kwaɓi, ƙamshi ya fara tashi, sai ya miƙo mini makullan in sauka ƙasa in hawo. Ni da gwiwata mai ciwo, ina hawa ina mita. Jiya ina ƙasan matakala ya leƙo da tsumma a hannu.

"Ki hawo a hankali, Auta," ya ce. "Ina so in daɗe ina jin abin da take ji."