Gwaggon da Ta Ƙi Mutuwa

Ɗage ba sunansa na yanka ba ne. Magatakardan kotu ne suka laƙaba masa, ya kuma bi shi. Lauya ne mai ƙaramin ofis a saman shagon sayar da taya: ɗaki ɗaya, fanka mai kuka, da kabad na littattafan shari'a waɗanda gizo-gizo ya fi shi sanin cikinsu. Ba daƙiƙi ba ne, wannan kuwa shi ya ƙara wa laifinsa nauyi, domin wanda bai iya ba yana da uzuri, wanda ya iya ya ƙi ba shi da ko ɗaya. Tun yana sabon shiga ya lura cewa shari'ar da ba a saurara ba, ba a faɗuwa a cikinta. A kan wannan ya gina aikinsa kaf: roƙon a ɗage zama.

Da fari ciwon haƙori yake kawowa, daga baya lalacewar mota. Da alƙalai suka gaji da motar, sai ya koma kan gwaggonsa, yayar mahaifinsa, wadda ta rene shi yana maraya. Yakan miƙe, ya gyara baƙar rigarsa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya mai shari'a, rashi aka yi mana. Gwaggona ce." Babu alƙalin da zai nemi hujja a kan gawa. Ta rasu a kotun ƙasan bene, ta rasu a ta sama, ta sake saukowa ta rasu a ƙasa.

Abin da ya tona shi ba wayon kowa ba ne, ladabi ne. Wani tela ya kai ƙarar mai gidan da ya kulle masa shago da kekunan ɗinkinsa a ciki, Ɗage kuma shi ke kare mai gidan. Da aka ɗage zaman saboda rasuwar, telan ya ga bai dace shari'a ta hana shi gaisuwa ba. Ya nemi gidan rasuwar, ya yi sallama, wata tsohuwa ta fito da tsintsiya a hannu.

"Gaisuwa na zo, Iya."

"Ta wa?"

"Ta gwaggon lauya."

"To, ka iske ta. Yaushe na tafi?"

Telan ya kai kuka gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi. Laifin yi wa kotu ƙarya ne, hukuncinsa kuwa yana iya kaiwa ga tuɓe wa mutum rigar lauya har abada.

Ranar zama Ɗage ya yi abin da bai taɓa yi wa wanda yake karewa ba: ya zo a shirye. "Ya shugaba," in ji shi, "kalmar gwaggo rumfa ce mai faɗi. Yayar uba gwaggo ce, ƙanwarsa gwaggo ce, 'yar baffansa ma haka. Ban taɓa cewa gwaggo ɗaya ce ke rasuwa ba." Wajibi ne a yi masa adalci: ta fuskar harshe hujjar ba ta da ɓaraka. Aibinta ɗaya ne, wato ba gaskiya ba ce. 'Yan kwamitin suka fara duban juna suna gyaɗa kai.

Sai dai ya taho da tsohuwar don ta shaidi halinsa, ya koya mata ta ce yaron kirki ne, bai koya mata komai bayan wannan ba. Ta faɗa yadda aka koya mata. Shugaban ya cire tabarau ya ce, "Baba, ku nawa ne gwaggonninsa?"

Tsohuwar ta ɗauki tambayar cin fuska ce, kamar ana neman raba mata ladan reno da wasu. "Mu nawa? Ɗana, ni kaɗai ce. Danginmu maza ne zalla, na kusa da na nesa. Wa ta wanke masa fitsarin kwance in ba ni ba? Duk wadda ta ce gwaggonsa ce, a kawo mini ita nan."

Ɗage ya miƙe a hankali. "Ya shugaba, ina roƙon a ɗage..."

"Wa ya rasu?" in ji shugaban.

Ya koma ya zauna.

Ba a tuɓe masa rigar ɗungurungum ba, an dakatar da shi shekara biyu. Wasu sun ga an tsananta, tunda a cewarsu bai kashe kowa ba. Ban yarda ba. Ƙaryar da ta ci riba da tausayin mutane ta fi ƙaryar banza muni, domin takan sa a riƙa tuhumar mai makokin gaske. Kuma duk ranar da aka ɗage, kekunan telan tsatsa suke yi. Da wani lauyan ya karɓi shari'ar, a zama ɗaya aka buɗe shagon.

Yanzu rigar tana rataye a bayan ƙofar gwaggo, an lulluɓe ta da leda. Ɗage ke raka tsohuwar asibiti, inda likita ke yaba ƙarfin zuciyarta. In ta ga ya zauna, takan ɗaga murya daga tsakar gida ta ce, "Lauya, miƙo wa marigayiya tabarau ɗinta." In ya ce sai an jima, ta ce ba a ɗage ba.