Inna ta ji kowa ban da ni

Shekara bakwai ke nan da muka kai Inna makwancinta a Maruda, amma sai bana na san cewa a shekarunta na ƙarshe ba ta ji muryata ba.

Ni ne ɗanta na fari, kuma duk wanda ya tashi a gidajenmu na ƙasar Gwandu ya san nauyin wannan. Inna ba ta taɓa kama sunana ba. "Na Kalgo" take cewa, tun da aikin koyarwa ya kai ni can. In na je gida, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ita kuma ta kau da kai ta ƙirƙiri tsintar wake. In gaishe ta ƙasa-ƙasa, don ban ga ranar da zan ɗaga wa Inna murya ba. Ta amsa da lafiya lau, da godiya, Allah shi yi albarka. Gaisuwarmu kuwa jerinta ɗaya ne kullum, ba sai ka ji ba za ka amsa daidai. Na sha jin ƙannena suna yi mata magana da ƙarfi, har na taɓa tara su na yi musu faɗan rashin ladabi. Suka sunkuyar da kai, ba wanda ya iya gyara wa yaya zance.

Da waya ta shigo ƙauye sai na samu mafita. Abin da bakina ba zai iya furtawa a gabanta ba, na riƙa faɗa daga Kalgo. Ƙanena ya kara mata wayar a kunne, ni kuma in yi ta zuba a hankali. Na gaya mata na sa wa 'yata sunanta. Har na taɓa cewa ina kewarta, maganar da ɗan fari ba ya yi. Shiru take yi, sai numfashinta, can ta sa albarka. In kashe waya cikin murna, ina cewa kunya ce irin ta mutanen da, amma dai ta ji.

Bana Yafendo, ƙanwar Inna, ta zo wurina da nauyin kunne. Na kai ta wani ƙaramin asibiti a nan Kalgo ina fargabar za a tura mu tafiya mai nisa. Ashe zamani ya wuce nan. Wata nas ta zaunar da ita gaban kwamfuta, sai ga likitan kunne a allo, yana can wani birni yana gaishe mu. Aka zura 'yar kyamara a kunnenta, likita yana kallon ciki daga inda yake. Aka kifa mata abin sauraro, aka ce duk lokacin da ta ji ƙara ta ɗaga hannu. Sabis ya ɗauke, muka jira, ya dawo. Da muka koma bayan makonni, nas ta maƙala mata 'yar na'ura da ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, likitan yana daidaita ƙarfinta daga can.

Ina zaune ina tunanin abin da Inna za ta ce da ta ga wannan. Na tabbata sai ta ja mayafi ta rufe fuska daga mutumin cikin allo, ta tambaya ko ɗan gidan wa ne da yake leƙen kunnen mutane bai yi sallama ba. Amma da ta yarda. Abin da ta ƙi duk rayuwarta shi ne a ɗauke ta a mota a kai ta hannun baƙon namiji. Wannan kuwa mace ce ke taɓa ta, namijin yana nesa.

Da aka kunna na'urar, na sunkuya na ce da Yafendo sannu, da irin muryar da na saba yi wa manya. Ta zabura ta dube ni, ta kira ni da laƙabina na ɗan fari.

"Ashe kana magana, Dikko?"

Na yi dariya, na ce yaushe na daina. Ita ba ta yi dariya ba.

"Yayata tac ce ba ka magana. In ka kira, sai a aza mata waya, ta ji shiru har ka kashe. Ta kan ce, kun gani ko, na Kalgo kunya garai, ko ta waya bai iya buɗe baki gabana. Wallahi alfahari takai da kai. Wagga magana ta sha faɗa min ita."

A gaban nas, a gaban likitan da ban san ko daga wane gari yake kallona ba, na fashe da kuka. Kowa a gidanmu ihu yake wa Inna saboda nauyin kunnenta, ta kuma ji shi. Mai tallan nono ma ta ji ta. Ni kaɗai na girmama ta da sassauta murya, ni kaɗai ba ta ji ba. Ina can ina yabon kunyarta, tana nan tana yabon tawa.

Ban ga laifin al'adarmu ba, a cikinta aka raine ni, kuma a cikinta Inna ta so ni. Ban ga laifin likitan cikin allo ba da ya makara. Amma zuciyata tana ciwo, ba zan ɓoye ba. Da gwajin nan ya iso ƙauyukanmu tana raye, da zama ɗaya ya isa.

Yau in na auna abin da ya rage min nata, ba kaya ba ne, ba ma nasiha ba, don ba mu taɓa zama mun yi hira ba. Abin da ya rage shi ne na san yanzu cewa duk lokacin da na kira, takan bar abin da take yi, ta zauna, ta riƙe wayar da ba ta jin komai a cikinta, ba ta taɓa miƙa wa kowa ba har sai na gama. Allah ya jiƙan Inna, ya sada mu a inda zan sake faɗa mata duka tun daga farko.